Jirgin da Na Yanka wa Taga

Ku ajiye wayoyin nan tukuna. Na ga hoton, ba sai kun kawo mini shi bakin hanci ba. Na san wurin, na san jirgin, kuma ni na yi aikin kamar yadda aka gaya muku. Kai Basim, jiya ka ce da ni da Larabcin nan naka, "Ya ammi, wannan ai aiki ne mai sauƙi, injin yanka kawai za ka ɗauka ka fitar da taga, a shafa fenti, khalas, an gama." Ban ba ka amsa ba saboda ina tsakiyar walda. Yau da yake ƙarfen da muke jira bai iso ba, ku jawo kujeru ku ji ko mene ne abin da kuka je kuka sha gahawa a jikinsa, da dalilin da ya sa ni ba na taka wurin.

Aikin farko da aka ba ni a loko, a Zariya, shiga cikin tanki ne. Loko ita ce rumfar da kawunan jirgin ƙasa suke kwana, a wanke su, a gyara su. Ina saurayi siriri a lokacin, kawuna ya kai ni wajen wani direba da ake kira Baba Mati, ya ce a koya mini abin da zan ci abinci da shi. Baba Mati ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Kafaɗunsa za su wuce." Ban gane nufinsa ba sai da ya hau da ni kan wani ƙaramin jirgi, ya buɗe murfin da ake ɗura ruwa, ya miƙo mini fitila da guntun ƙarfe mai faɗin baki, ya ce in sauka in kankare. Ciki duhu, ga laka har idon sawu, ga tsatsa tana zubo mini a wuya kamar ɓawon gyaɗa. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tankin ba fili ɗaya ba ne. An yi masa bangaye na ƙarfe a ciki, kowanne da rami daidai rarrafen mutum. Da na fito, gwiwoyina duk sun saɓule, na tambaye shi me ya sa aka rarraba cikin haka.

Ya ce, "Ka taɓa ɗaukar ruwa a faranti ka yi gudu?"

Na ce na taɓa.

"To jirgi ma haka ne. In na ja birki, ruwan nan gaba ɗaya zai taho ya doki ƙarfe. Bangayen nan su ke karya masa ƙarfi. Wanda ya ƙera shi ya san halin ruwa, kai ma sai ka san shi."

Ku da jirgin da kuka sani shi ne na Mina da na Madina, masu tafiya da lantarki ba hayaƙi ba tari, dole in faɗa muku yadda na tururi yake. Tukunya ce doguwa a kwance, cike da ruwa, bututai da yawa sun ratsa ta. A gindinta akwai akwatin wuta inda ake zuba kwal. Zafi ya bi bututan nan, ruwa ya tafasa, tururi ya taru, a sake shi ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. Manyan jirage masu zuwa Legas, ruwansu da kwal ɗinsu a wani tarago na musamman suke, suna jan sa a baya. Namu ba shi da wannan tarago. Ruwansa a jikinsa yake, tanki ɗaya a dama da tukunya, ɗaya a hagu, kamar mangalar jaki, da bututu a ƙasa da ya haɗa su don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Kwal ɗinsa kuma yana cikin wani akwati a bayan ɗakin direba. Shi ya sa ma'aikata suke ce masa Mai Goyo. Daga baya na ga wani iri mai tanki ɗaya da aka lanƙwasa a kan tukunya kamar sirdi, amma namu mai mangala ne.

Baba Mati ya ce Turawa sun fara ƙera irinsa ne saboda ramukan kwal da bakin teku da masana'antu, wuraren da layi gajere ne, kwana ta yi yawa, kuma babu filin kafa faifan nan da ake ɗora babban jirgi a juya masa fuska. Mai Goyo ba ya bukatar a juya shi. Yadda yake tafiya gaba haka yake tafiya da baya, direba ya waiwaya kawai ya leƙa ta tagar baya. Aikinsa shantin ne: ya ɗauko taragon gyaɗa daga wannan layi ya kai wancan, ya harhaɗa wa babban jirgi kayansa, babba ya tafi da suna, shi ya koma ya ɗauko wani. Aibinsa dai cikinsa ƙarami ne, ba ya nisa da famfo.

Akwai wata safiya da damina, na riga na zama fayaman, wato mai zuba wuta, muna jan taragun takin zamani. Yayyafi ya jiƙa layin dogo. Muka zo wani ɗan hawa, ƙafafu suka kama juyawa a wuri ɗaya, tartsatsi na tashi, jirgi bai matsa ba. Ni kuwa na duƙa ina ta antaya kwal, a zatona ƙarfi ne ya gaza. Baba Mati ya riƙe mini shebur, ya ce in fita in ƙwanƙwasa tanki. Na ƙwanƙwasa, ya amsa kamar ganga, ruwa ya yi ƙasa sosai. Ya ce, "Ruwan nan ba na shan tukunya ba ne kaɗai. Shi ke danne ƙafafu a kan dogo. Da safe jirgin nan ƙato ne, kafin azahar ya rame." Ya saki yashi ta bututun da ke gaban ƙafa, ya buɗe tururi kaɗan-kaɗan kamar mai lallashin jariri, muka haye. Daga ranar ban ƙara barin famfo ba sai na ga ruwa ya tumbatsa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Shebur, butar mai mai dogon baki, tsumma, da wata 'yar guduma, kuma gudumar ita ce babba. Akwatin wuta bango biyu ne da ruwa a tsakani, ƙusoshi rututu sun riƙe na ciki da na waje. In ɗaya ta karye a cikin ruwan, ido ba ya gani. Sai an bar jirgi ya huce, ka shiga ta ƙofar wuta, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana bugawa. Lafiyayya tana amsawa da ƙara siririya, karyayya kuwa sai ka ji ta ce ɓus. A rufin akwatin akwai wata toshiya da aka cika da dalma. In fayaman ya yi sakaci ruwa ya sauka, dalmar ta narke, tururi ya feso ya kashe wutar kafin tukunya ta tashi da mutane. Wanda toshiyarsa ta narke ya tsira da ransa, amma a loko ba ya ƙara ɗaga kai. Tawa ba ta taɓa narkewa ba.

Sai jiragen dizal suka zo. Ba wanda ya yi mana laifi, zamani ne. Dizal ka murɗa ya tashi, namu kuwa sai an yi sammako ana hura wuta. Aka jera na tururi a wani layi a bayan loko, Mai Goyo a cikinsu, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙafafunsu. Baba Mati ya koma dizal, yana tuƙi yana tsaki. Ni na koyi walda, na yi 'yan shekaru a Sabon Gari, daga nan Allah ya kawo ni garin nan na Makka.

Kun san Abu Faisal, mai warshar nan da muke aiki a ciki. Shi ne kafilina, wanda nake zaune a ƙasar nan da sunansa, tun zuwana. Kakansa a ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, shi kuwa nan unguwar Jarwal aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce kamar taku. Da ya ji na san tukunyar tururi, sai ya ɗora ni a kan tukwanen gidajen wanki na otal-otal, da manyan tukwanen dafa shinkafar alhazai da ake kai wa Mina. Masu otal ba sa tuna tukunya sai ta mutu. Ana gab da saukar baƙi sai ka ji waya: ya mu'allim, babu tururi, zannuwan gado sun taru. Na taɓa zuwa wani wuri na tarar bawul ɗin da ke sakin tururi in ya yi yawa an ɗaure shi tam da waya, wai ƙararsa tana damun baƙi. Na kashe wutar da hannuna kafin in yi wa kowa sallama.

Shekarar korona kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Ku kuna karatu ta waya a lokacin. Otal-otal suka rufe, Mina ta yi fayau, tukwane suka huce a duk garin. Warsha a kulle. Abokan aikina da yawa aka sallame su suka koma gida. Abu Faisal bai sallame ni ba. Ya sabunta mini iƙama, wato takardar zama, ba tare da na biya ko sisi ba, kuma yakan zo da kansa ɗakina a Utaibiyya, ya ajiye shinkafa da mai a bakin ƙofa, ya buga, ya koma mota kafin in fito. Ku riƙe wannan, don kada in na ci gaba ku ɗauka mugun mutum ne.

Da gari ya fara buɗewa, wata rana ya ɗauke ni a mota zuwa wani filin tsofaffin ƙarafa a hanyar Jidda, ya ce akwai abin da yake so in gani. Muka zaga bayan tarin matattun motoci, sai ga shi a kan katakai. Kan jirgi mai tanki biyu, ƙafa shida, bai kai Mai Goyo girma ba. Mai filin ya ce wai wani ɗan kwangila ne ya kawo shi ta teku tun zamanin iyayensa don jan duwatsu, aiki ya ƙare aka bar shi. Ban san gaskiyar wannan ba, allon maƙerin ma an ɓamɓare. Na ari guduma na shiga ta ƙofar wuta, da tsufana da komai. Bushewar ƙasar nan ta yi masa rana. Akwatin wutar na jan ƙarfe ne, ƙusoshin kusan duk suka amsa. Bututan ne suka ruɓe, su kuwa ana sakewa.

Na fito na ce, "Abu Faisal, jirgin nan da ransa. Zai tashi."

Ya ce, "Wallahi? Tayyib, shi ke nan mu'allim, ka gyara shi. Ina da fili can gaba, za mu yi wurin shaƙatawa, iyalai su zo su gani."

Ni da na ji "gyara", abin da na saba fahimta na fahimta. Shi ma a lokacin ina jin hakan yake nufi.

Aka kawo shi nan, daidai inda motar can take tsaye. Watanni na yi a kansa. Na jiƙa ƙafafun da mai har suka yarda suka juya, na kwance sanduna na goge, na zare ruɓaɓɓun bututai. Da na zo kan daidaita abin da ke raba tururi tsakanin tafiyar gaba da ta baya, na ga na manta, sai na nemi lambar gidan Baba Mati. 'Yarsa Asabe ce ta ɗauka. Ta ce ya tsufa ƙwarai, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, sai ya yini bai ce uffan ba. Ta kara masa wayar a kunne. Na gaishe shi, na ce Haladu ne daga Makka, na faɗa masa abin da ke gabana.

Ya ce, "Ƙafa nawa?"

"Shida, Baba."

"Tankin gefe ko sirdi?"

"Na gefe."

Ya yi magana ranar nan har cajin wayata ya ƙare. Ya faɗa mini inda zan sa alama a jikin ƙafa, da yadda zan tura jirgin da ƙarfe ina duba buɗewar bawul, ya zage ni don na manta. Daga baya Asabe ta kira ta ce, "Yaya Haladu, me ka yi wa Baba? Yau da kansa ya nemi tuwo." Ta ce ya sa an fitar da shi ƙofar gida, ya gaya wa tsofaffin loko da ke zuwa hira wajensa bayan la'asar cewa yaronsa yana tayar da jirgin tururi a Makka. Daga nan duk Juma'a sai ya sa an kira ni ya ji inda aka kwana.

Ana nan sai wata safiya Abu Faisal ya shigo, ya zauna a kan sandar jirgin, ya nuna mini wani zane a wayarsa. Jirgin ne, kore shar, an buɗe masa taga a kowane tanki, mutane sun yi layi. Ya ce ya bincika, babu mai ba shi izinin hura wuta a ƙarƙashin tsohuwar tukunya a wurin da yara ke wasa. Babu dogon da zai hau, kuma in na tsufa na tafi babu mai tuƙa shi. Ya ce, "Ni ma na so in gan shi yana tafiya, mu'allim. Amma mutane gahawa suke so, su tsaya su yi hoto."

Na ce ko ba za a hura shi ba, a bar shi yadda yake, a gina shagon a gefensa. Ya ce filin ba zai ɗauka ba, kuma abokin kasuwancinsa ya riga ya amince da zanen. Ya ce, "In ba za ka iya ba, ma'alesh, ba komai, ba zan tilasta maka ba. Masu yanka suna da yawa." Na san masu yankan. Da wutar gas za su afka masa, su bar faranti a murɗe kamar busasshen ganye. Kuma shinkafar mutumin nan tana cikina. Na ce zan yi.

To Basim, ga aikin da ka ce mai sauƙi. Tsakanin tanki da tukunya babu inda mutum zai tsaya, saboda haka taga kaɗai ba ta isa ba. Sai an fitar da cikin tukunyar gaba ɗaya, a bar ɓawon sama don ido, a shimfiɗa daɓen ƙarfe a tsakanin ƙafafu. Kafin nan akwai wata farar auduga da aka naɗe tukunyar da ita don riƙe zafi, ƙurarta tana cin huhu, sai an jiƙa ta sharkaf, ka rufe hanci, ka kwashe da hannu. Farantin tanki kuma ba walda ke riƙe da shi ba, ƙusoshin da aka doka da zafi ne, kuma ya daɗe a ɗaure. In ka yanka tsakiyarsa haka nan, sai ya saki jiki ya bauɗe. Sai da na ɗaure shi da firam ta ciki tukuna, sannan in yanka kaɗan, in bari ya huce, in ƙara. Tsohon ƙarfe ba ya son walda ta yanzu, in ka yi masa gaggawa ya tsage a gefen ɗinkin. Na cire bangayen cikin tanki ɗaya bayan ɗaya. Na fitar da akwatin wutar nan mai lafiya, aka sa firji a gurbinsa. Akwatin kwal na baya aka ce ya zama wurin zuba shara, na yi masa murfi mai lilo. A bututun hayaƙi aka sa injin nan mai fitar da farin hayaƙi na gidan biki. Usur ɗinsa na tagulla, da yake ba ya kuka sai da tururi, na goge shi na mayar don ado, aka ɓoye lasifika a ƙarƙashinsa. Ban taɓa yin aiki mai tsabtar wannan ba, kuma a duk shekarun da na yi a garin nan, shi kaɗai ne aikin da aka san ni da shi.

Ranar da na fara yanka na kira Asabe na gaya mata komai, na ce ta ba ni Baba in faɗa masa da bakina. Ta ce, "Don Allah Yaya, kada ka faɗa masa. Jirgin nan shi ke tashinsa da safe. Ka bar shi da abinsa, ina zai gan shi?" Na bi maganarta. In ya kira ranar Juma'a, sai in yi ta ba shi labarin ƙafafu da sanduna, waɗanda suna nan lafiya. Ni na daina ƙara komai, shi kuma ya ci gaba da gini a kai.

Ba a yi shekara da buɗe wurin ba jikokinsa suka haɗu suka biya masa Umra, Asabe ta rako shi. Ta ce mini kada in damu, ɗawafi zai gajiyar da shi, ba zai tuna ba. Washegarin da suka gama na je gaishe shi a masaukinsu a Jarwal. Na same shi a keken guragu, an aske masa kai ƙwal, ya ƙanƙance har na kusa kasa gane shi. Ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya, ko gaisuwa ba mu ƙare ba ya ce, "Yaushe za mu je?"

Asabe ta ce, "Baba, wurin da nisa, ga rana."

Ya ce, "Na zo daga Zariya, hanyar Jidda ce za ta gagare ni? Kuma mutanen loko sun ba ni saƙo. Sun ce in ɗauko musu kukan usur a waya. Hoto bai dame su ba, idanunsu sun tafi, kunne ne ya rage."

Na ce, "Baba, jirgin fa ba yadda kake zato yake ba."

Ya ce, "Na san ba sabo ba ne, Haladu."

Na bar maganar a nan, na ce zan dawo in ɗauke su.

Bayan la'asar muka ɗauki tasi muka je. Wurin a cike. Ni na tura keken daga bakin ƙofa. Muna shan kwanar wasu bishiyoyi sai ga shi, fenti na ƙyalli, an zagaye shi da ƙananan fitilu, farin hayaƙi na fita a hankali, yara suna hawa sandunan ƙafa suna tsalle. Baba Mati ya ɗaga hannu, na tsaya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hayaƙin nan ba na kwal ba ne." Ya yi mini alama in matsa da shi.

Na kai shi har jikin tankin dama. Ma'aikacin da ke ciki ya leƙo ta taga, ya tambaya da Larabci me Hajji zai sha. Baba Mati bai dube shi ba. Ya miƙa hannu ya dafa bakin tagar, ya bi shi da yatsu har kusurwa, ya dawo.

"Wa ya yanka?"

"Ni ne, Baba."

Ya sake shafawa. "Babu kaifi. Farantin bai bauɗe ba. Ka ɗaure shi ta ciki kafin ka yanka."

"Na ɗaure."

"Haka ake yi," in ji shi.

Da zagina ya yi, da na san inda zan sa kaina. Ya ce in zaga da shi baya. Muna isa wajen akwatin kwal, wata mata ta zo da kofunan takarda da ragowar kek, ta tura murfin da na yi, ta zuba, murfin ya yi lilo ya rufe. Baba Mati ya bi murfin da ido har ya tsaya, sannan ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hularsa a cinya.

Sai ga Abu Faisal da sauri, an gaya masa mun zo. Murna yake har zuciyarsa. Ya sumbaci kan Baba Mati, ya ce, "Ahlan, Baba, ka haskaka mana wuri." Ya juya ya gaya wa mutanen da ke layi cewa ga direban jirgin tururi na gaske daga Nijeriya, malamin mu'allim ɗin da ya yi wannan aiki. Mutane suka matso da wayoyi. Kafin in kai gare shi, ya ɗaga murya ya ce da ma'aikacin ya danna usur don girmama baƙo.

Lasifikar ta saki kuka. Wani dogon ruri ne mai kauri na ƙaton jirgin wata ƙasa, har da ƙararrawa a bayansa, abin da ƙaramin jirgi irin wannan bai taɓa yi ba tun da aka ƙera shi. Yara suka yi ihu, manya suka tafa. Asabe da wayar tana hannunta a shirye, na ga ta sauke ta a hankali ta sa a jaka. Baba Mati ya jira har kukan ya ƙare. Aka miƙo masa gahawa ta tagar tanki, ya karɓa ya kurɓa, ya yi wa Abu Faisal godiya, ya yi addu'a Allah ya sa albarka a kasuwa. Aka ce a yi hoto, ya yarda, aka tsayar da ni a bayansa.

Muka kamo hanyar dawowa. Ina gaba kusa da direba, su suna baya. Mun wuce alamun nan na gefen titi da ke nuna an shigo haddin Harami, sai na ji ya ce, "Asabe, buɗe mini wayar, in yi wa mutanen loko saƙo, suna jira."

Ta ce, "Baba, ka bari sai ka huta."

"Buɗe."

Ta danna ta kara masa a baki. Ya gyara murya, ya yi sallama, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ya ce, "Na ga jirgin Haladu da idona. Yana nan tsaye da ƙafafunsa, an hura shi, tururi na tashi. Aiki ne na wanda ya koya. Usur ɗin ne ban samu na ɗauko muku ba, wayar Asabe ce ta ƙi. Amma ni na ji shi, muryarsa garau." Ya ce da ita, "Tura."

Ta tura.

Mutumin da bai fi kwana ɗaya da gama Umra ba, tsufa ya kai shi inda ya kai shi, ga shi ya yi ƙarya don ya rufa mini asiri, a cikin Harami, inda kowa ke kiyaye harshensa. Ban waiwaya ba. Har muka iso Jarwal ina jin sa a bayana yana istigfari ƙasa-ƙasa, ni kuwa ko taya shi ban iya ba.